Na'urar Gano Ƙarfe Ba Ta San Daraja Ba

Tun daga shekarar 2014, sa'ad da labari ya bazu cewa an sami zinariya a Jado, can cikin hamadar arewa maso gabashin ƙasar Nijar, wata sabuwar sana'a ta shigo wa samarinmu. Mutum ya sayar da shanunsa, ko ya jinginar da gonar gado, ya haɗa kuɗi da abokansa, su sayi na'urar nan mai kama da sanda da faifai a ƙarshenta, wadda ake shafa ƙasa da ita, in ta ji ƙarfe a binne ta yi kuka. Mutanen Sudan da na Cadi sun riga mu gwanancewa da ita. Daga wajensu ta kai Agadas, abin da ya kai Agadas kuwa ba ya daɗewa bai iso Kano ba. Gwamnatin Nijar ta rufe Jado a 2017, amma na'urorin ba su koma inda aka ƙera su ba. Suna nan a hannun mutane, kuma wanda ya kashe dukiyarsa a kan abu ba zai rataye shi a ɗaki ya zuba masa ido ba. Duk inda aka ce masa akwai kufai, ko tsohuwar ganuwa, ko tudun da dattawa ke cewa na mutanen da ne, can zai nufa.

Neman halal ba abin zargi ba ne, ba mu kuwa ɗauki alƙalami don mu kushe sana'ar kowa ba. Abin da ya dame mu wata magana ce da dillalan na'urar ke yi, masu saye kuma suna gaskatawa, wai ita da kanta tana rarrabe zinariya da tarkace, aikin mai ita kurum ya murɗa maɓalli ya bi ta a baya. Wannan magana tana jawo hasara iri biyu, ta mai na'ura da ta ƙasa baki ɗaya. Muna son malaman makaranta da ma'aikatan ofis su fahimci al'amarin sosai, domin su ake kawo wa takardar bayanin na'urar a ce su fassara daga Turanci, su kuma ake kawo wa abin da aka tono, ƙunshe cikin tsumma, a ce, "Malam, duba mana wannan."

Bari mu fara da yadda take aiki. Cikin faifan nan akwai waya a nannaɗe kashi biyu. Batir yana tura lantarki cikin kashi na farko, yana kai yana komowa sau dubbai cikin daƙiƙa guda, wannan kuwa shi ke haifar da ƙarfin maganaɗisu mai ratsa ƙasa. In ƙarfin nan ya tarar da ƙarfe, sai ya ta da wani ɗan lantarki mai kewayawa a jikin ƙarfen, shi kuma ya maido da nasa ƙarfin maganaɗisun sama. Kashi na biyu na wayar shi ke sauraron wannan, kamar dai mutum ya yi kira a gindin dutse ya tsaya jiran amsa kuwwa. Abin da na'urar ke aunawa shi ne ƙarfin amsar, da ɗan jinkirin da ta yi kafin ta dawo. Baƙin ƙarfe, da yake maganaɗisu yana kama shi, amsarsa daban take, don haka ƙaramar ƙusa ba ta da wuyar ganewa. Azurfa da jan ƙarfe, waɗanda lantarki ke gudu cikinsu ba wahala, su ma tasu amsar ta fita daban. Masu ƙira suka mai da wannan lambobi, sau da yawa daga sifiri zuwa 99, baƙin ƙarfe a ƙasa, azurfa can sama, ko da yake kowane kamfani da nasa jerin. Sa'an nan suka sa wani maɓalli na tankaɗe, wanda in ka murɗa shi na'ura za ta yi shiru a kan duk abin da lambarsa ba ta kai inda ka tsayar ba.

To, ina zinariya take cikin wannan jeri? Nan gizo ke saƙa. Mutane suna zaton tun da ta fi kome tsada, lambarta za ta fi ta kome, alhali kuwa na'ura ba ta taɓa zuwa kasuwa ba. Lamba ta dogara ga irin ƙarfen, ta kuma dogara ga girman abu, da kaurinsa, da siffarsa, da abin da aka gauraya a cikinsa. Siririn zoben zinariya, ko ɗan kunne, ko ƙwayar zinariya ta cikin ƙasa, a tsakiyar jeri suke faɗawa ko ƙasa da tsakiya, daidai inda takardar alminiyam ta cikin kwalin sigari take, da ɗan zoben nan da ake ja a buɗe gwangwanin lemo. Ƙwaya ƙarama ƙwarai takan sauka har kusa da baƙin ƙarfe. Saboda haka ranar da mai na'ura ya gaji da tonon gwangwani, ya murɗa maɓalli don ya huta, a ranar ya rufe wa kansa ƙofar abin da ya fito nema. Zai taka ta kansa, na'ura shiru, ya koma gida yana cewa wurin ba kome. Rashin sani ke nan, kaza ta kwana kan dami.

Har wa yau tarkace yakan yi shigar burtu. Marfin kwalba mai tsatsa, ko guntun garma, ko gwangwanin da mota ta take ya baje, sukan ba da lamba mai kyau irin ta azurfa, mutum ya yi ta haƙa da murna. Kuɗin ƙarfe kuwa in a tsaye yake cikin ƙasa, ko ya yi zurfi, lambarsa takan sauya, in kuma akwai ƙusa kusa da shi sai amsarta ta rufe tasa. Kuɗi guda ba a cika jinsa ba in ya wuce zurfin ƙafa ɗaya. Ga kuma ƙasar tamu da kanta. Marmara da jar ƙasa da baƙin yashi cike suke da sinadarin ƙarfe, har akwai duwatsun da ke sa na'ura kuka ba kome a cikinsu. Wanda bai koyi daidaita ta da ƙasar wurin ba kafin ya fara, wuni zai yi yana tonon dutse. Manyan na'urorin nan masu tsada da ake so a wuraren zinariya an yi su ne don su jure irin wannan ƙasa, su kuma ji da zurfi, amma a wajen rarrabewa sun fi ƙananan rauni, shi ya sa gwanayen aikin suke tona kusan kowane kuka. Garin zinariya kuma da ke warwatse cikin dutse, irin wanda ake niƙawa a Anka da Bukkuyum, na'ura ba ta jinsa.

Wannan ruɗu ya girmi kakanninmu. A shekarar 1881 aka harbi Shugaban Amurka James Garfield, likitoci suka rasa inda harsashin ya tsaya. Alexander Graham Bell, mutumin nan da ya shahara da ƙirƙiro tarho, ya kawo wata na'ura irin wannan da ya haɗa, ya gwada a jikin Shugaba. Na'ura ta yi ta ƙara, ba a gane kome ba. Ashe gadon da majiyyacin ke kwance a kai akwai wayoyin ƙarfe a ƙarƙashinsa, kuma babban likitan ya nace a duba ɓangaren dama, inda ya yi imani harsashin yake, alhali yana hagu. Shugaba ya rasu cikin watan Satumba na shekarar. Na'urar ta faɗi abin da ta ji, masu ita ne ba su san me ta ji ba.

Akwai 'yan dabarun da ke rage wahala, ba kuwa sai an biya kowa kafin a koye su. In na'ura ta yi kuka, a juya a shafo wurin ta wata fuskar, watau in da gabas da yamma aka bi, yanzu a bi kudu da arewa. Abu zagayayye kamar kuɗi ko zobe yakan ba da murya ɗaya ta kowace fuska, ƙusa da waya kuwa muryarsu takan karye. A kuma ɗaga faifan sama kaɗan-kaɗan. Ƙaramin abu nan da nan zai ɓace, amma abin da ke kuka har faifai ya yi ƙafa guda daga ƙasa babba ne, galibi kuwa gwangwani. Duk da haka waɗannan zato ne kawai. Hukunci sai abu ya fito fili.

In ya fito, aikin malamin makaranta ne ya zo. Maganaɗisu ba ya kama zinariya, ba ya kama azurfa, abin da duk ya manne masa an gama shari'arsa. Zinariya ba ta tsatsa, ba ta yin kore kamar tagulla, kome daɗewarta a ƙasa. In an buge ta da guduma bajewa take yi. Dutsen nan mai sheƙi ruwan ɗorawa da ke ruɗin sababbin masu tono kuwa, in an buge shi farfashewa yake yi, in an goga shi a bayan fasasshen tangaran ya bar baƙin zane. Amma gwajin da ya fi duka shi ne na nauyi. Zinariya tsantsa ta ninka nauyin ruwa mai girmanta sau 19 da ɗoriya, dalma sau 11, tagulla wajen sau 8 da rabi, wancan dutse mai sheƙi wajen sau 5. A auna abu a sikeli, a tsoma shi cikin ruwa a ga yawan ruwan da ya ture, a raba. Lissafin da ake koya wa 'yan aji ɗaya na sakandare ne, ga shi kuwa yana iya hana magidanci sayen narkakken famfo da kuɗin gidansa. Kama da wane ba ta wane.

Wannan duk hasarar mai na'ura ce, ita kuwa mai sauƙi ce, domin in ya yi haƙuri ya tona kowane kuka zai rage ta. Ta biyun ita ce ta fi tsaya mana a rai. Ko da na'ura za ta iya faɗin sunan kowane ƙarfe ba kuskure, da sauran magana, domin sunan ƙarfe daban, darajar abu daban.

Mu ɗauki alminiyam ɗin nan da kowa ke jefarwa. Aninin farko da Turawa suka buga wa ƙasar nan a 1907 da 1908, mai huji a tsakiya, da alminiyam aka yi shi, yana kuwa cikin kuɗin farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. A kunnen na'ura shi da zoben gwangwani ɗaya suke. Ga kuma kishiyarsa, riyalin azurfa mai hoton kan mace wanda ya yi yawo a Borno da ƙasar Hausa. Mai tono ya ga an rubuta 1780 a jikinsa ya ɗauka ya tsinci abin shekara ɗari biyu da ɗoriya, bai sani ba an ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗaya tilo har zuwa zamaninmu.

Baƙin ƙarfe fa, wanda shi ake fara kashe wa murya? Tsinin kibiya, da kan mashi, da likkafa, da linzami, da guntun sulke, duk baƙin ƙarfe ne. Ɗan gwangwan zai ɗora su a sikeli ya biya kuɗin kilo, gobe a narka su a yi rodi. A Taruga, kusa da Abuja, abin da ya nuna wa duniya cewa mutanen ƙasar nan suna narka tama ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, tsofaffin matoyan ƙarfe ne da kashin maƙera, abin da ko ɗan gwangwan ba zai karɓa ba. Wani abin ma na'ura ba ta jinsa sam, amma diga tana samunsa. A 1943, wajen haƙar kuza kusa da Jama'a, aka tono kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Wani malamin ofis na wurin haƙar ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa don korar ɓarna, har ya shekara a can kafin ya kai hannun Bernard Fagg, wanda ya gane danginsa ne da wanda aka samu a Nok a 1928. Daga nan aka san al'adar Nok, wadda yau ake karantawa a jami'o'in duniya. Ba mu ga laifin malamin nan ba, gama ya dai ajiye bai fasa ba. Mai na'urar yau da ke bin kukan wani guntun ƙarfe zai iya ratsa irin wannan kai da diga, bai ko waiwaya ba.

Ko zinariyar ma, in ta tarihi ce, nauyinta shi ne mafi ƙanƙantar darajarta. A Durɓi Ta Kusheyi, cikin ƙasar Katsina, an haƙa tuddan kaburburan sarakunan da a 1907, sa'an nan a 1992. An sami kayan ado na zinariya, da wuri, da duwatsun wuya, da wata tasar ƙarfe wadda masana suka ce aikin ƙasashen gabas ne, wajen Masar ko Sham. Da yake an rubuta inda kowane abu yake kwance, da abin da ke kusa da shi, an iya ƙiyasta zamaninsu, aka kuma ga shaidar cewa Katsina tana ciniki da nesa tun shekaru ɗari biyar ko fiye. Da wani ne ya zo da dare ya tsince zinariyar ya kai wa maƙeri, da ya sami kuɗin 'yan giram, ƙasa kuwa ta rasa shafi guda na tarihinta, ba mai iya sake rubuta shi. Kada a ce muna tsorata mutane da abin da bai faru ba. A 2020 ma'aikatan tarihi na Sudan suka je Jabal Maraga, wurin da ya kai shekara dubu biyu, kimanin kilomita 270 arewa da Hartum, suka tarar masu neman zinariya sun kawo motocin haƙa sun yi rami mai zurfin mita 17, wurin ya tafi.

Za a ce mana, kuma da gaskiyar mai faɗi, talaka da ya ci bashi ya sayi na'ura ba tarihi zai ba iyalinsa su ci ba. In ya kai abin da ya samu wurin hukuma, me zai koma gida da shi? Wannan tambaya ita ce gindin al'amarin, kuma wa'azi ba ya amsa ta. Mu duba yadda mutanen Ingila suka yi, su da suke da dubban masu wannan na'ura. A watan Nuwamba na 1992 wani manomi a ƙauyen Hoxne ya ɓatar da gudumarsa a gona, ya roƙi abokinsa Eric Lawes ya nemo masa da na'ura. Maimakon guduma sai ga cokulan azurfa da kuɗin zinariya. Lawes ya tsai da tono, aka sanar da 'yan sanda da hukumar yankin, kashegari masana suka zo suka kwashe sauran a tsanake, har suka gane yadda aka shirya kayan cikin akwatin katako tun zamanin Rumawa. Kuɗin sun kusa 15,000. Aka biya shi fam miliyan 1.75, ya raba da manomin. Gudumar ma an same ta daga baya, aka ba Gidan Tarihi na Biritaniya. Dokar da suka yi a 1996 ta ba mai tsintuwar irin wannan dukiya kwana 14 ya ba da labari, a yi mata kuɗi bisa farashin kasuwa, in gidan tarihi yana so ya biya, galibi a raba tsakanin mai tsintuwa da mai gona. Wasu biyu kuwa da suka sami dukiya kusa da Leominster a 2015 suka ɓoye, suka riƙa sayarwa a asirce, an ɗaure su a 2019. Watau an sa gaskiya ta fi sata riba, shi ya sa mutane da yawa suke zaɓenta.

Mu ma muna da doka. Wadda aka yi a 1979, da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana tono don neman kayan tarihi ba tare da izni ba, ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda hukuma ta yarda da shi, ta kuma ce wanda ya tsinci irin wannan abu ya sanar da Hukumar da Sakataren Ƙaramar Hukuma cikin kwana bakwai. Sai dai muna tambaya, cikin ma'aikatan da ke zaune a ofisoshin nan, mutum nawa ne suka san cewa takardar a teburinsu za ta sauka? Hani da tsoratarwa muna da su. Abin da muke roƙon Gwamnati ta ƙara shi ne lada bayyananne, wanda za a yi shelarsa da Hausa a rediyo da kasuwanni, a kuma biya shi da wuri, ba sai mutum ya yi ta safa da marwa har takalminsa ya ƙare ba. In an biya mutum guda a gaban Hakimi da jama'a, labarin zai riga kowace takardar sanarwa isa ƙauye.

Wani gargaɗi kuma wanda bai kamata a bari sai gobe ba. A wuraren da aka yi faɗa, musamman Borno da Yobe, ba kowane ƙarfen da ke binne ne ake taɓawa ba. Masu aikin cire nakiyoyi da irin wannan na'ura suke aiki, ba su kuwa raina kowane kuka, domin ransu ne a kai. Wanda ya ga abu mai kama da harsashin igwa, ko mai waya a jiki, ya bar shi inda yake, ya sa alama daga nesa, ya gaya wa hukuma.

Kafin Gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Kowane ofishin Ƙaramar Hukuma ya ajiye littafi guda na tsintuwa. In an kawo abu, a rubuta ranar, da sunan wurin, da zurfin da aka same shi, da abin da ke tare da shi, ko da gawayi ne ko katangar tukunya, a ɗauki hotonsa, a kuma gaya wa mai shi kada ya kankare shi, kada ya wanke shi da ruwan batir. Sa'an nan a aika da labari gidan tarihi mafi kusa, ko Gidan Makama a Kano, ko na Jos wanda aka buɗe tun 1952, ko na Kaduna, ko na Katsina da ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin horon malamai. Dagatai da masu unguwa sun san kowane kufai da ke ƙasarsu, a tambaye su a rubuta tun na'ura ba ta riga mu zuwa ba. Makarantun horon malamai kuma su sa gwajin nan na maganaɗisu da sikeli da kofin ruwa cikin darasin kimiyya, a haɗa da tsohon anini ko kwabo mai huji a nuna wa ɗalibai, domin yawancinsu ba su taɓa riƙe ko ɗaya ba.